Fartanyar Baba da Lasifikar Ta Mai

Ranar wata Asabar ce, a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Gari ya waye da yayyafi, Baba yana tsaye a tsakar gida ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, da fartanya a kafaɗa. Ni ina zaune a kan matakalar katako ina cin ɗumamen shinkafa, Umma kuma tana leƙe ta taga kamar ba shi take kallo ba. Dukkanmu kunnuwanmu suna kan lasifikar da ke ɗaure a saman dogon ƙarfe a bakin hanya. Ta yi 'yan tarinta kamar yadda ta saba, sannan muryar mai unguwarmu ta fito ta gaida jama'a, ta ce yau za a yashe magudanar ruwan da ta ratsa lambunan ƙauye, ta shiga kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Aka kira gidan mai gyaran babur, aka kira gidan bazawarar da ke sayar da taliya, aka kira har gidan tsohon nan da ƙafarsa ta shanye. Namu aka tsallake, kamar kullum. Baba ya ɗan ƙara tsayuwa ko mantuwa aka yi za a gyara, sai kiɗa ya maye gurbin muryar. Ya sauke fartanyar ya jingina ta da randa, ya warware wandonsa, ya ce da Umma ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ƙarshen wata za mu koma birni." Shinkafar nan ban iya ƙarasa ta ba.

Ƙauyen da nake magana ba a ƙasar Hausa yake ba. Yau ina zaune a Parkchester, cikin Bronx, kuma in matan unguwa suka tambaye ni garinmu a wajen suna ko biki sai in ce Zariya, don a zauna lafiya. Amma ƙuruciyata a Tailan na yi ta, a gundumar Ta Mai ta lardin Cantaburi, can gabas da Bankok, kusa da teku. Babana, Malam Sale, fataucin duwatsu masu daraja yake yi. Yakan karɓo su daga gida ɗanyu, ba wanki ba goge, ya kai su babbar kasuwar duwatsu ta birnin Cantaburi, wadda ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi. Sauran fataken da suka zo daga ƙasashenmu duk a birni suke, cikin ɗakunan haya a saman shaguna. Baba kuwa ɗan manomi ne, bai iya kwana inda ba ya jin carar zakara. Shi ya sa ya hau babur ya yi ta kutsawa cikin lambuna, har ya samo mana gidan katako a kan dirkoki, a gonar wata tsohuwa da kowa ke kira Yai, wato kaka.

Wanda bai taɓa ganin Ta Mai ba zai ce ƙari nake yi. Ƙasar ja ce jawur, in ta taɓa farin kaya sai dai haƙuri, kuma duk abin da ya faɗa mata sai ya tsiro. Daga ƙofar gidanmu har inda ido ya ƙare lambuna ne: itatuwan duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya kamar bushiya wanda Umma ta rantse ba zai kwana mata a ɗaki ba saboda wari, da rambutan mai jan gashi, da masoro yana hawa dogayen turaku, sai dajin roba a can baya, kowace bishiya da ɗan kwanonta a ƙugu. Akwai wani tudu da ake kira Kao Ploi Wan, inda kakannin mutanen garin suka yi ta haƙar duwatsu har suka bar shi da tsofaffin ramuka, da hasumiyar ibadarsu a samansa. In gari ya washe muka hau, Baba yakan nuna mini inda kore ya ƙare, inda ruwa ya fara. Ranar da ba kasuwa yakan ɗauke mu a babur, ni a tsakiya, mu bi hanyar bakin teku mu wuce kududdufan da ake kiwon jatan lande, mu tsaya inda masunta ke shanya kifi. Umma ba ta taɓa yarda ta sa ƙafa a tekun ba. Ta ce ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba abokin wasanta ba ne.

Aikina a gida ba shi da yawa, amma ba ya ƙarewa. In share ganyen da ya zuba a tsakar gida, in duba manyan randunan da ke tarar ruwan sama ko sauro ya yi ƙwai, in kora kajin Yai daga tabarmar da aka baza masoro. Lokacin duriyan an hana ni bi ta ƙarƙashin bishiyoyin, domin in ya nuna da kansa yake faɗowa, kuma ba ya sallama. Yai ƙanƙanuwar mace ce mai gajeren farin gashi, kullum tana tauna wani ganye da ƙwaya da ke rina baki ja kamar goro. Ita ta koya wa Umma yaren garin a bakin turmi, Umma kuma ta koya mata yin ƙosai, suka zama kamar uwa da 'ya. Kowace safiya malaman addininsu masu tufafi ruwan goro sukan bi hanya ba takalmi, Yai ta durƙusa ta zuba musu shinkafa a kwano, a daidai lokacin da Baba ke idar da lazimi a saman bene. Ba wanda ya taɓa tsoma wa wani baki. Da la'asar kuwa ni da 'yan matan maƙwabta mukan ƙulla robobi mu yi doguwar igiya, mu yi ta tsalle har sai ta kai wuya. Ƙafata ta fi tasu tsawo, don haka kowa ke son in shiga ɓangarensa.

A makaranta dokar ita ce kowace yarinya a yanke mata gashi daidai kunne. Ranar da na fara zuwa da kitson shuku, malamarmu ta zagaya ni ta sake zagayawa da almakashi a hannu, ta rasa ta inda za ta fara, ta mayar da shi aljihu, ba a sake tayar da maganar ba. Ita ce ta sa muka haddace yadda ake mulkin ƙasarmu, muna rerawa kamar waƙa: lardi ya kasu gundumomi, gunduma ta kasu yankuna, yanki ya kasu ƙauyuka. Da na kawo wa Baba wannan karatu sai ya yi dariya ya ce ai duk ya san su tun a gida. Shugaban gunduma, wanda ake turowa daga babban birni ya zauna a dogon ofis mai tuta, shi ne hakimi, sai dai hakimin da ba ya gado. Kamnan, mai kula da yanki, dagaci ne. Puyai kuwa, wanda mutanen ƙauye ke zaɓa da kansu, mai unguwa ne sak. Namu Puyai ɗin gajere ne mai tumbi, manomin rambutan, wanda ba ka bambanta shi da kowa sai ranar taron wata-wata, in ya sa kakinsa ya hau babur zuwa ofishin gunduma. Washegari duk abin da ya jiyo a can sai ya juye mana ta lasifika: allurar karnuka, gyaran hanya, wanda ya rasu, wanda saniyarsa ta shiga gonar wani. Ta nan kuma yake kiran gidaje aikin gayya.

Nan ne gizo yake saƙar. A ƙauyen su Baba, in za a yi gayya, ana aika wa kowane magidanci, ya fito da fartanyarsa, a jeru a kan kunya ana kiɗa ana yi wa juna ba'a. Wanda ba a aika wa ba, ko dai yana kwance ba lafiya, ko kuwa gari ya juya masa baya. Wannan fartanya mai gajeriyar ƙota, tun daga gida ya ɗauko ta a cikin akwati, Umma tana yi masa tsiya wai ko a jirgin zai yi noma. A shekararmu ta farko da ya ji ba a kira shi ba, ya ɗauka ba a san shi ba ne, sai ya tafi da kansa. Ina biye da shi, na ga abin da ya faru da idona. Yana sa ƙafa a ramin, Puyai ya rugo yana sunkuyawa, ya karɓe fartanyar daga hannunsa da hannu biyu, aka kawo kujerar roba aka ajiye a inuwa, aka zaunar da Baba, aka cika masa gaba da ruwan ƙanƙara da 'ya'yan itace. Haka ya wuni, ƙato da shi, yana kallon tsofaffi suna haƙa. Da muka dawo gida ya ce da Umma, "Sun zaunar da ni kamar amarya." Tun daga ranar bai sake zuwa ba gayyata ba, amma duk Asabar ɗin gayya sai ya fasa sammakon kasuwa, ya naɗe wando ya tsaya yana saurare.

Umma tana ganin abin rigima ce kawai irin ta maza. Takan ce, "Ni ban taɓa ganin wanda aka ce ya huta ya ce an zage shi ba." Amma ta san mijinta, in ya faɗi magana ba ya lashe ta. Ya kuma gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya kai ƙorafi, domin a wurinsa gayyar da aka roƙa ba gayya ba ce, alfarma ce. Haka muka shiga haɗa kaya. Aka samo mana ɗaki a birni a saman wani shagon goge duwatsu, inda injin ke kuka tun safe, taga ɗaya tana kallon bango. Na je na gani, na dawo na shige bayan randa na yi kuka har na gode Allah. Ba na son rabuwa da Yai, ba na son rabuwa da 'yan tsallen roba, ba na son sabuwar malama da sabon almakashi. A raina haushin Baba nake ji, ina kuma jin tausayinsa, domin na ga yadda fuskarsa ke yi duk lokacin da aka tsallake gidanmu.

Yai ta ɗauka laifinta ne. Ta sa aka hau aka gyara kwanon rufin da ke yoyo, ta ɗaure zakaranta mai yawan cara a can ƙarshen gona, ta daina soya abin da ta san ba ma ci a ɓangaren da iska ke kaɗowa. Da ta ga duk da haka ana ta ɗaure kwalaye, sai ta zo ta zauna kusa da Umma da ke daka, tana hawaye. Umma ba ta karya maganar Baba ba, ko kaɗan. Ita dai ta dubi cikin turmi ta shiga ba turmin labari da yaren garin, a kan wani mutum mai taurin kai da fartanyarsa, da abin da rashin kira ke nufi a garinsu. In wata tsohuwa tana kusa ta ji, wannan ba ruwan Umma. Yai ta saki baki, sannan ta fashe da dariya har jan yawu yana zuba a zaninta. Ta ce su a wurinsu ai sa baƙo aiki abin kunya ne, balle baƙon da ya ƙetaro teku, mai farar riga, mai cinikin duwatsu. Da an gan shi cikin taɓo, da sauran masu unguwa sun yi wa Puyai dariya a gaban Kamnan ranar taro, a ce ƙauyensa ya rasa maza. Tana gama faɗa ta gyara ɗaurin zani ta kama hanya.

Bayan kwana biyu sai ga Puyai da yamma, cikin kakinsa, ba kuwa ranar taro ba ce, da kwandon rambutan a bayan babur. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, aka kira ni in yi tafinta, domin yaren Baba bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Na zauna ina jiran a fasa ƙwai, amma ina. Suka yi zancen ruwan sama, suka yi zancen tsutsar da ke cin duriyan, suka koma kan ruwan sama. Can Puyai ya hango fartanyar a jikin randa, ya ce a miƙo masa. Ya jujjuya ta, ya gwada tsawon ƙotar da hannunsa, ya tambaya yadda mutum zai yi aiki da abu guntu haka bayansa bai karye ba, tunda tasu doguwa ce, a tsaye ake sara. Baba ya karɓa, ya duƙa a gefen gida inda ciyawa ta yi duhu, ya ja layi guda har bakin shinge, ƙasa tana kifewa a bayansa kamar an shimfiɗa ta. Puyai ya yi murmushin nan nasu da ba ka gane ko na yarda ne ko na ban haƙuri, ya haɗa tafin hannu ya yi sallama. Baba ya bi ƙurar babur ɗin da kallo ya ce, "Bankwana ya zo yi."

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kayanmu duk suna ɗaure, an yi da mai a-kori-kura zai zo washegari, fartanyar ma tana cikin buhu tare da tabarmi. A karon farko Baba bai fita tsakar gida ba. Ya zauna a saman bene yana shan shayi, ya ba lasifikar baya. Ta yi tarinta, Puyai ya ce ruwa ya toshe magudana, lambuna za su nutse in ba a tashi ba. Gidan mai gyaran babur. Gidan mai taliya. Gidan tsoho mai ƙafa. Na sunkuyar da kai ina jiran kiɗa, sai aka yi shiru, aka sake yin tari, aka ce, "Gidan Sale. A zo da guntuwar fartanyar nan. Ƙarƙashin gada ne naka." Baba sunansa kawai ya gane. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Ramatu, me ya ce?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ƙarƙashin gada, inda ya fi ko'ina taɓo?" Na ce nan fa. Ya miƙe ya nufi buhun yana laluben ƙulli, sai ya tarar bakin a kwance, fartanyar kuma ita ce a sama. Ya dubi Umma, ita kuwa ta duƙufa tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

Na bi shi cikin ruwan nan ba laima. Ba wanda ya kawo kujera, ba wanda ya sunkuya masa. Mai gyaran babur ya matsa masa wuri kawai, ya nuna masa inda zai fara. Na tsaya a kan gada ina kallon babana cikin taɓo har ƙugu, yana sara yana wurgo ciyawa, yana rera wata waƙar noma da ban taɓa jin ya yi ba, mutanen suna amsa masa da abin da kunnensu ya ba su. Da rana ta take aka zauna cin abinci a kan ganyen ayaba, matar Puyai ta tura masa kifin da ta dafa daban a sabuwar tukunya. Ya dawo gida jawur kamar an tono shi, Umma tana cire masa matsattsaku daga ƙwauri da gishiri tana faɗa, shi kuwa sai dariya yake yi. Washegari mai mota ya zo, aka ba shi haƙuri da kwandon rambutan ya juya. Bayan wasu watanni Baba ya makara wata gayyar, sai muka ji lasifika tana cewa gidan Sale, rana ta yi, kowa kai yake jira. Duk ƙauye ya ji an yi masa faɗa. Ban taɓa ganin mutumin da faɗa ya yi wa daɗi haka ba, har abokansa na kasuwa sai da suka gaji da jin labarin.

Mun ƙara shekaru masu daɗi a Ta Mai kafin idon Baba ya gaji da leƙen duwatsu mu koma gida. Fartanyar a can ya bar ta, a hannun Puyai. Yanzu Umma ta riga mu gidan gaskiya, Yai ma na ji ta daɗe da tafiya, Baba kuwa yana wurina a nan Parkchester, a hawa na sama, inda ba randa ba zakara. In dusar ƙanƙara ta zuba, kafin ya idar da lazimi ma'aikatan gini sun kwashe ta, sai ya tsaya a taga yana kallonsu. Maigidana mutumin Maraɗi ne, mai ladabi har ya yi yawa. Wata rana mun dawo daga sayen kayan miya a Harlem, ya karɓe 'yar ledar da ke hannun Baba ya ce, "Haba Baba, kai dai ka huta, mu ne yara." Na waiwaya na ga fuskar nan ta kan kujerar roba. A ranar na zaunar da maigidana na ba shi labarin gada.

Shi ya sa yanzu kowace Asabar da safe nakan tsaya a ƙofar kicin in yi 'yan tarina, in shiga kira. In kira yarana, su amsa mini da Turanci daga cikin bargo. In kira babansu. Sannan in ɗan yi shiru, in ce gidan Sale, kwandon wanki yana jira a sauka da shi ƙasa. Baba yakan yi gunaguni ya ce gidan nan ba a barin tsoho ya huta, alhali ya riga ya sa takalmi tun kafin in fara. Garin nan ya fi Ta Mai komai, ya fi ta haske, ya fi ta mutane, amma lasifikarsa sunayen tashoshi kawai ta sani. Har yau in na hau jirgin ƙasa mai lamba shida na ji lasifikar ta yi ɗan tari, sai in kasa kunne ko za a kira gidanmu.